Sandunan Bahago da Baba Ya Sayo a Salford

Ranar Larabar da ta wuce aka tura ni ɗakin ajiyar kayan wasanni na makarantar da nake koyarwa a Birmingham, in ɗauko kujeru saboda iyayen yara za su zo. Ina ture wata tsohuwar raga sai wani wari ya tare ni: robar da ta sha gumin tafin hannu, da ciyawar da ta bushe a jikin ƙarfe, da danshin jakar da ta daɗe ba a buɗe ba. Jakar sandunan golf ce wani ya jingine a lungu ya manta da ita. Ban taɓa ta ba. Na tsaya da kujera a hannu raina yana tafasa, ni da kullum nake gaya wa ɗalibaina cewa fushi ba hujja ba ne. To, mai karatu, yau ba hujja na zo maka da ita ba. Fushin na kawo, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Bahago aka haife ni, a Zariya. Kakata ta wajen uba ce ta fara ganewa, tun ina rarrafe, da ta ga da wane hannu nake wawurar abin da aka ajiye a ƙasa. Ba ta ɗauki abin da wasa ba. Idan za a ci abinci sai ta zura mini hannun hagu cikin safa ta ɗaure bakin da tsumma, ta zauna kusa da ni da ludayi. A firamare malamin ajinmu ya ci gaba daga inda ta tsaya, shi kuma rula ce tasa. Kafin in cika shekara tara aikin ya kammala: da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake miƙa abu in karɓa. Rubutun nawa har gobe kamar sawun kaza yake, amma na dama ne, kuma abin da ake nema ke nan. Kada ka ce ina jayayya da ci da dama. Ba na yi. Na karanta abin da aka ce a kai, na yarda, ina bi. Sai dai duk karatun da na yi ban ci karo da babin da ya yi magana a kan hannun da ake buga ƙwallo da shi ba.

A wannan shekarar muka bi Baba zuwa Manchester, ni da Umma da ƙanwata. Likita ne a wani babban asibiti, yana matakin da ake daɗewa a kai idan mutum baƙo ne. A wani flat, wato sashen gidan bene, muke zaune a unguwar Rusholme, a saman shagon wanki, tagarmu tana kallon Wilmslow Road. Bas-bas suna wucewa har gilashin ya riƙa rawa, ƙamshin gasasshen nama yana hawowa da yamma, ruwan sama kuma ba ya neman izinin kowa. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya faɗin sunana. Kai yake ce mini, ko wannan yaron.

Wata bazara ya dawo da labarin cewa manyan likitocin asibitin ba a ofis suke sanin juna ba, a filin golf ne. Ranar Litinin kowa yana ba da labarin ramin ƙwallon da ya ci da wanda ya ci shi, shi kuwa yana tsaye da kofin shayi ba shi da abin cewa. Ya yanke shawarar zai koya. Baba mutum ne da ya fi son ya ɓata a hanya da ya tsayar da wani ya yi tambaya, don haka bai nemi shawarar kowa ba. Ya sayo littafi, ya karanta shi kamar yadda ya karanta ƙasusuwan ɗan Adam, yana ja masa layi da jan biro. Sannan wata Lahadi ya ɗauke ni zuwa Salford, wani fili inda mutane suke buɗe bayan motocinsu suna sayar da tarkacen gida.

Can ya ga jakar. Koriya ce, fatar gefenta ta fara ɓarewa, cike da sanduna. Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya duba kamar yadda kakansa zai duba fartanya a kasuwa: ya auna nauyi a tafin hannu, ya leƙa ko akwai tsatsa, ya ɗan tanƙwara ya ga ko za ta karye, ya girgiza ya ji ko kan yana motsi. Duk tambayar da manomi zai yi wa ƙarfe ya yi. Ɗaya ce bai yi ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin a wurinmu fartanya ba ta da dama ba ta da hagu. Haka gatari, haka taɓarya. Wa zai zaci akwai mutanen da za su ƙera sanda su ce wannan ta bahago ce? Mai kayan ya karɓi kuɗinsa yana murmushin wanda ya rabu da kaya.

Asabar ta gaba muka je wurin koyon bugu na ƙaramar hukuma. Rumfuna ne a jere, kowace da tabarmar roba koriya, gabansu fili shimfiɗe da alluna masu nuna nisa. Ka sayi kwandon ƙwallaye, ka tsaya a rumfarka, ka yi ta bugawa. Baba ya buɗe littafinsa a kan benci ya danne shi da makullin mota. Ya ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya miƙe baya, duk yadda hoton ya nuna. Da ya sauke kan sandar a bayan ƙwallon sai ya ga fuskarta tana kallon baya, ƙeyarta ce take kallon fili. Ya juya ta, ta ƙi zama. Ya canza wata, ita ma haka. Ya dubi hoton, ya dubi sandar, ya ce da alama masu buga littafin sun juya hotunan. Daga nan ya ci gaba da bugu da ƙeyar sanda cikin natsuwa irin ta likita. Ƙwallo ta gangara ta tsaya a gabansa. Wata ta daki katangar rumfa ta dawo. Wata ba ta motsa ba sam, tabarmar ce ta sha duka.

Da kwandon ya ƙare ya tafi ƙaro wani, ya bar ni in tsare jaka. Ƙwallo ɗaya ta saura a gindin benci. Na zaro sanda mai lamba bakwai, wadda ta kusa kai mini ƙirji, na riƙe ta can ƙasa da robar. Ban yi tunanin komai ba. Na ga dai idan na zagaya ɗaya gefen ƙwallon fuskar sandar tana kallon fili, sai na zagaya. Abin da ya biyo baya ban san yadda zan kwatanta maka ba, sai dai in ce kamar mutumin da ya shekara yana magana da harshen aro, rana ɗaya ya ji an yi masa sallama da nasa. Kafaɗuna suka juya da kansu, nauyina ya koma baya ya dawo, sandar ta sauko ba tare da na aike ta ba. Ban ma ji taɓawar ba. Na ga ƙwallon ta tashi sama siririya, ta wuce allon farko, ta sauka tana tsalle.

Baba yana tsaye a bayana da kwando. Ya gani. Wannan nake so ka riƙe, domin duk fushina a kansa yake tsaye: ya gani da idonsa. Ya dubi inda na tsaya, ya dubi sandar, ya dubi littafin, sai ya fashe da dariya har ya zauna a kan benci. Ya ce ashe kayan bahago ya sayo. Ya zube kwandon gaba ɗaya a gabana.

“Sake bugawa mu gani,” ya ce.

Na sake. Ba duka suka tashi ba, amma da yawa sun tashi. Malamin wurin, wani dattijon Bature mai jan wuya da hular ulu, ya taho ya tsaya yana kallo. Ya gyara mini riƙo, ya ce a yatsu ake riƙe sanda ba a tsakiyar tafi ba, kuma kada in matse ta kamar za ta gudu. Ya ce ido ya zauna a kan ƙwallo har ta bar wurin, kafaɗa ce take juyawa, hannu biye yake, idan an gama kuma ciki ya kalli inda aka aika ta. Ya gaya wa Baba cewa mai koyo ba ya bukatar jaka cike, sanduna uku ko huɗu sun isa, muddin tsawonsu ya dace da tsawon mai su, kuma tambayar farko kafin tsawo da nauyi ita ce ta wane gefe jikin mutum yake so ya tsaya. Ya ce zai yanke mini biyu daga cikin jakar daidai tsayina, in riƙa zuwa ajin yara na safiyar Asabar. Baba ya amince nan take.

Bazarar nan ita ce mafi tsawo a rayuwata, kuma ba ta yi tsawo ba. Rana ba ta faɗuwa sai an gaji da jiranta. Ina dawowa daga makaranta in tsaya a lungun bayan shagon wanki, tururin sabulu yana fitowa ta bututu, in yi ta kaɗa sanda ba ƙwallo ina kallon inuwata a bango. A makaranta ni ne yaron da Turancinsa yake ba da dariya, wanda ake zaɓa a ƙarshe idan za a raba 'yan ƙwallon ƙafa. Ranar Asabar kuwa malamin yana tara sauran yara ya ce su kalli yadda nake juyawa. Shi ne abu na farko da na iya a ƙasar nan, kuma ba wanda ya ɗaure mini komai kafin in iya shi.

Sai aka yi wa Baffa haihuwa a Birmingham. Baffa yayan Baba ne, akanta, ya riga kowa zuwa Ingila, shi ya tsaya wa Baba har ya zo. A danginmu na nan shi ne kotun ƙoli, kuma kotu ce da ba ta sauraron ɗaukaka ƙara. Ranar suna gidansa ya cika, maza a falo sun miƙe ƙafa a kan kafet, mata a kicin da sama. Baba, cikin raha, ya ba da labarin jakar Salford da yadda ya yini yana dukan tabarma, ana ta dariya. Ya ƙara da cewa wannan yaron ne ya ci ribar kuskuren. Ana cikin haka aka ce in zuba wa wani dattijo shayi. Na zuba, na durƙusa, na miƙa masa. Da hagu.

Ban san na yi ba sai da na ga dattijon bai miƙo hannu ba. Ya ci gaba da kallon kofin kamar an kawo masa abin da bai yi oda ba. Na mayar da kofin dama, ya karɓa, ya ce Allah ya yi albarka, da muryar da ta nuna albarkar tana da sauran tafiya.

Bayan baƙi sun watse Baffa ya kira Baba ɗakin cin abinci, ya ce ni ma in shigo, tunda a kaina ake magana. Ya ce tsohuwa ta yi shekaru tana gyara hannun nan, an zo an warware mata aiki cikin 'yan makonni saboda ƙwallo. Ya ce mun kawo yaran nan ƙasar da yaro yake miƙa wa malaminsa takarda da kowane hannu, yana kiransa da sunansa, idan gida bai riƙe ba babu mai riƙewa. Baba ya sunkuyar da kai yana jujjuya makulli.

“Yaya, ai wasa ne kawai,” ya ce.

“Shayin ma wasa ne?” in ji Baffa. “Hannu bai san wasa ba. Abin da ka saba masa ranar Asabar shi zai yi ranar Lahadi. In golf ɗin dole ne, a saya masa na mutane.”

Na mutane. Na jira Baba ya ce wani abu. Wannan mutum ne da yake tsayawa gaban Turawa manyan likitoci ya ce musu sun yi kuskure a kan mara lafiya. Ya san abin da littattafansa suka ce game da ƙwaƙwalwar bahago, ya fi duk wanda yake gidan sani. Ya ga ƙwallon ta tashi. Abin da ya ce shi ne, to Yaya, za a gyara. A hanyar komawa Manchester Umma ta ce, tana kallon taga, ai yaron da dama yake cin abinci, me ya rage kuma. Baba ya ƙara muryar rediyo.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na sha faɗa wa kaina. Tsoro ne ya sa su. Mutane ne da suka bar ƙasarsu suna kallon 'ya'yansu suna zamewa daga hannunsu kaɗan-kaɗan, harshe yau, gaisuwa gobe, sai suka damƙi abin da za su iya damƙa. Na fahimta. Fahimtar ba ta rage mini komai ba. Da a kan Hausa suka tsananta, da na gode musu. Da sun zaunar da ni sun ce kofi da cokali na dama ne, sanda taka ce, da yaro ɗan shekara goma ya gane cikin minti ɗaya. Sai suka zaɓi abin da ya fi sauƙin ƙwacewa.

Koriyar jakar ta ɓace a satin. Aka kawo baƙa, sanduna na dama, aka yanke mini biyu. Baba ya yi wa malamin bayani da Turancinsa na asibiti cewa dalili ne na iyali. Dattijon ya sosa wuya ya ce akwai bahagwai da suke buga golf ta dama kuma su yi fice, za a gwada. Gaskiya ya faɗa, akwai su. Ni dai ba na cikinsu. Duk ƙa'idodin suna kaina: ware ƙafa, sassauta riƙo, juya kafaɗa, ido a ƙwallo. Ina karanta wa jikina su ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta wa kurma jarida. Sandar ta sauko a makare, ƙwallon ta karkace ta nufi rumfar maƙwabci, ko ta gangara kamar ta Baba a ranar farko. Yaran da aka ce su kalle ni a da suka ci gaba da kallona, da wata manufar.

Abin da ya fi ci mini rai na gano shi ne a littafin Baba. Mai buga golf ta dama a hannun hagu yake sa safar hannu, hagun ne a sama a kan sanda, kuma shi yake jan ragamar bugun. Wato hannun da aka kora ta ƙofa shi ne shugaba a tsarin da aka ce na mutane ne. Na nuna wa Baba shafin, ga jan bironsa a ƙarƙashin layin. Ya ce wayo ya fara yi mini yawa, ba a jayayya da manya.

Lokacin kaka ya shigo, ganye ya zube ya manne a titi, aka fara kunna fitilu a rumfuna tun la'asar. Na yi ta zuwa har tsakiyar hunturu, yatsuna suna daskarewa a kan roba. Wata Asabar na ce kaina yana ciwo. Ta gaba ma haka. Ba wanda ya tambaye ni a ta uku. Baba kuwa ya ci gaba da sandunan dama, ya iya daidai gwargwado, ya samu abin faɗa ranar Litinin. Ƙarin girman da yake nema ya zo bayan shekaru, ta hanyar jarrabawa, kamar na kowa.

Baffa ya rasu tuntuni, a nan Birmingham aka binne shi, ina cikin waɗanda suka sauke shi, kuma ina yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Baba ya yi ritaya, yana zaune wajen ƙanwata. Ɗanta na biyu bahago ne. Da hagu yake rubutu, da hagu yake jifa, uwarsa ta koya masa ci da dama da baki kawai, ya koya, magana ta ƙare. A watan jiya Baba ya ce zai saya wa jikansa sandunan golf, ni zan kai su tunda ya daina tuƙi. A shagon, yarinyar da take awo ta tambayi hannun yaron. Baba ya riga kowa amsawa, da ƙarfi, da alfahari, har ya ƙara mata da cewa bahagwai Allah ya yi musu baiwa ta daban, ta duba manyan 'yan wasa ta gani. Ya zauna yana ɗaukar yaron bidiyo zai tura wa dangi.

Suna can na zaro wata sanda ta hagu, ta manya, na shiga cikin ragar gwaji. Na tsaya a gefen da na taɓa tsayawa. Na jira kafaɗun su juya. Ba su juya ba, kamar an yi sallama babu kowa a gidan. Na buga iska, na buga tabarma, na mayar da sandar inda na ɗauko ta.

A mota, yaron yana baya rungume da kwalinsa, Baba ya ce yana tuna ni ma an taɓa gwada ni a golf ina ƙarami.

“Kai dai bai karɓe ka ba,” ya ce. “Kowa da abin da aka ba shi.”

Na dube shi. Ba zolaya yake ba, ba ɓoyewa yake ba. Haka abin ya zauna a kansa. Dokar da aka ɗaure mini hannu saboda ita ba wanda ya soke ta, ba wanda ya yi jayayya da ita ya ci nasara. An dai daina, kamar yadda ake daina sa wata irin hula, kuma duk waɗanda suka tsare ta ko sun mutu ko sun manta. Da Baffa ne ya ce ya yi daidai kuma zai sake, da na samu wanda zan yi faɗa da shi. Amma ga tsoho yana murna da jikansa, me zan ce masa?

“Haka ne, Baba,” na ce.

Yaron ya tambaya da Turancinsa na 'yan Birmingham me ya sa Kawu ya yi shiru. Baba ya ce a ƙyale ni, tuƙi nake. Fitila ta ba da hannu, na sa giya. Motocin ƙasar nan da hagu ake sa musu giya. Aikin da ya rage wa hannun ke nan, kuma ko shi ba mu muka ba shi ba.